Kusurwa ta Uku

Lipniki, 22 ga Agusta, 1980

Zuwa ga Yaya Bogdan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Kaka da ta saba ciwo idan hadari ya taso. Saniya ta haihu ranar Talata, mace, fara mai baƙin kunne ɗaya. Na sa mata suna Gajimare.

Ka yi haƙuri da rubutuna, sau uku na sake kwafa. Tun da na gama aji takwas ban riƙe biro ba, sai fartanya.

Yaya, me ke faruwa a Gdansk? Rediyo ya ce an sami ɗan tsaiko a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa. Yau kwana takwas ana ɗan tsaikon. Na je gidan waya in buga maka, matar ta ce layin Gdansk ya lalace, ta faɗa tana kallon silin. Na so in tambaye ta yaushe za a gyara, amma ka san ni. Na ce na gode, na fito.

A gida ba a zancen. Baba ya dawo daga ofishin gonar gwamnati, ya rataye hula, ya ci abinci. Jiya ne Kaka ta ce, "Henryk, ɗanka yana cikin masu yajin aikin nan ko?"

Baba ya ajiye cokali. Ya ce, "Ɗan sakataren Jam'iyya ba ya yajin aiki. Ma'aikata ne ke mulkin ƙasar nan, Inna. Mutum zai yi wa kansa yaji ne?"

Kaka ta ce, "To ka aika a gaya musu su ne ke mulki, da alama ba a sanar da su ba."

Miya ta shaƙe ni, na gudu bayan murhu.

Don Allah ka rubuto, ko layi biyu. Kana ci? Ina kake kwana? An ce shekara goma da suka wuce an harbi mutane a can.

Ƙanwarka,
Mirka

Gdansk, 3 ga Satumba, 1980

Ɓerar bayan murhu,

Na gaishe ki, ki gaida Kaka da ƙafarta, ki gaida Gajimare. Lafiyata ƙalau, sai gemu da ya fito mini kamar tsintsiya. Sai jiya na ga wasiƙarki a masauki, domin kwana goma sha takwas ban fita daga ma'aikata ba.

E, ina ciki. Mu muka rufe ƙofa daga ciki da hannunmu. Ba wanda ya fita titi, saboda waɗanda suka fita wancan karon ba duka suka dawo ba. Na kwana a kan kwali, kaina a kan hular walda. Mun hana giya ta shigo ko kwalba ɗaya. Abokina Zenek mai fenti ya ce tun da aka yaye shi bai taɓa ganin duniya sarai haka ba, kuma ba ta burge shi ba.

Abinci kuwa kada ki damu. Mutanen gari suka cika bakin ƙofa, suna miƙo burodi da miya ta tsakanin ƙarafa, suna soka furanni har ba a ganin ƙarfen. Wata tsohuwa ta ba ni ƙwai uku ta ce, "Ɗana, idan kuka fito hannu biyu, ka dawo mini da ƙwaina."

Mun rubuta buƙatunmu ashirin da ɗaya a kan katako, muka rataye a sama. Ta farko ita ce ƙungiyar ƙwadago tamu ta kanmu, wadda ba Jam'iyya ce za ta naɗa mata shugabanni ba. Da manya suka zo daga Warsaw, muka ce za a yi magana amma a jona lasifika kowa ya ji. Mirka, da kin ji babban mutum mai taye yana in'ina, dubban masu walda suna zaune a ƙasa suna sauraro! Ranar Lahadi suka sa hannu. Zenek ya yi kuka, ya ce fenti ne ya shiga masa ido.

Za mu kira ta Haɗin Kai. Zan zo ranar tunawa da matattu mu kunna kyandir a kabarin Mama, zan yi wa Baba bayani da kaina. Shi ma ma'aikaci ne, zai gane.

Yayanki,
Bogdan

Lipniki, 26 ga Disamba, 1980

Yaya,

Barka da Kirsimeti. Muna lafiya, sai Baba yana ɗan tari. Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.

Wata biyu ke nan, amma har yanzu ina jin muryoyinku a bakin kabarin Mama. Baba yana cewa, "Ko ka cire wannan bajon Haɗin Kai daga ƙirjinka, ko kada ka taka ƙofata." Kai kana cewa, "To ƙofar ta jira." Ni ina tsaye da ashana a hannu. Da ina da baki da na ce wani abu. Na yi ta shirya abin da zan ce, sai da jirginka ya tashi na gama shiryawa.

Ban sani ba ko ka ji, ma'aikatan gonar gwamnati su sittin ne, hamsin da ɗaya sun shiga Haɗin Kai. Taron Jam'iyya yanzu Baba ne da mutum huɗu. Ran nan yana gyara mini takalmi, ba tare da na tambaya ba ya ce, "Sai da na shekara goma sha huɗu na fara sa takalmi. Ubana barantaka ya yi a gonar wani har ya mutu. Wa ya sa ni makaranta? Wa ya kawo lantarki garin nan? Yanzu yaro mai gemun kwana uku zai ce ni ne azzalumi." Na miƙa masa ƙusa.

Jajibirin Kirsimeti mun yi kamar kullum, labule a sauke don kada a ga sakatare yana addu'a. Kaka ta sa ciyawa ƙarƙashin mayafin tebur, ta ajiye farantin baƙo yadda al'ada take, amma a wurin zamanka ta ajiye shi.

Ga oplatek ɗinka nan, burodin Kirsimeti mai kusurwa huɗu, cikin takarda, ka buɗe a hankali, ya fi wasiƙar nan siranta. Mun yi yadda ake yi wa wanda ba ya gida: kowa ya karya kusurwa ɗaya ya ci, ta huɗu taka. Kaka ta karya, na karya. Da ta miƙa wa Baba ta ce, "Ka san wanda ya karya burodin nan da mutum ba shi da sauran riƙo a zuciya." Baba ya ce, "Shi ya sa." Ya tura shi gefe.

Kada ka ji haushi. Tarin nan yana sa shi faɗa.

Mirka

Gdansk, 8 ga Maris, 1981

Ɓerata,

Ina lafiya, ki yafe mini jinkiri. An zaɓe ni wakilin masu walda na sashenmu, yanzu taro nake yi fiye da walda. Tarin Baba ya tafi?

Na ƙirga kusurwoyin da aka karya. Biyu. Ba sai kin ɗora wa tari laifi ba, na san ubana. Na ci tawa, ta uku kuma, ta Baba, na bar ta a aljihun riga har ta zama gari.

Bari in ba ki labari mai daɗi. An ce mun kusa miliyan goma. Masu haƙar kwal, direbobin bas, malaman makaranta, masu jinya, har 'yan Jam'iyya da yawa suna da kati biyu a aljihu. Mun ƙwato hutun Asabar, ba duka ba amma mun ƙwato. Manoma ma suna neman tasu ƙungiyar. Da can idan manaja ya shigo sai mu yi shiru, yanzu shi ke ƙwanƙwasa ƙofa. Kantuna dai babu komai. Zenek ya bi layi awa uku bai san abin da ake sayarwa ba, ya dawo da murfin tukunya biyu, ba tukunya.

Wani lokaci ina tsoro, ban ɓoye miki ba. Mun yi girma da sauri, kuma ba mu da bindiga ko ɗaya, ba ma so. Amma na ga mutanen da suka shekara talatin suna magana ƙasa-ƙasa sun ɗaga murya, ba na jin za a iya mayar da ita ciki.

Ke ma ki gwada. Ki fara da matar gidan waya.

Bogdan

Lipniki, 9 ga Janairu, 1982

Yayana,

Allah ya sa wannan ta same ka, kuma ta same ka lafiya. Mu lafiya. Kaka ta rame, amma tun shekaranjiya ta fara cin abinci.

Wasiƙarka ta ƙarshe ta watan Nuwamba ce. Ranar Lahadi goma sha uku ga Disamba na kunna talabijin da safe, ka san har yanzu ina kallon shirin yara idan ba kowa. Babu shirin, sai mutum cikin kakin soja yana cewa an kafa dokar soja. Waya ta mutu. Kwana ashirin da biyar ba mu san ko kana raye ba. Na rubuta sau biyu zuwa masaukinka, shiru. Shekaranjiya Fada na cocinmu ya zo da takarda mai sunayen waɗanda aka tsare da inda suke. Da ya karanta sunanka Kaka ta ce, "Godiya ga Allah, yana kurkuku!" Fada ya yi dariya har ya share ido.

Ranar da aka yi sanarwar Baba ya bar shayinsa ya huce. Sojoji sun zo gonar gwamnati da mota biyu, hafsansu ya ce Baba ya ba shi sunayen shugabannin Haɗin Kai. Baba ya ce takardun suna ofishin ƙungiya, shi ba shi da makulli. Ni na san ya san sunayen har da na kakanninsu. Biyu daga cikin mutum huɗunsa sun mayar da katin Jam'iyya. Ganin haka na sa rai, amma a jajibiri da Kaka ta miƙa masa oplatek ɗinka bai karya ba. Ya riƙe shi ya daɗe, ya ce, "Da ya ji maganata da yana zaune a nan," ya ajiye. Bana ma ni da Kaka ne kawai.

Na adana maka shi cikin littafin addu'a, ga shi nan, ko da ya makara. An ce kada a manne ambulan, za a duba. Na saƙa maka safa, Fada zai kai tare da kayan coci. Ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Taka,
Mirka

(Da hatimi a sama: AN DUBA)
14 ga Maris, 1982

Mirka, ƙanwata,

Ina lafiya. Mu goma sha biyu ne a ɗaki, har da Zenek, wanda ya ce ko a lahira ba zai rabu da minsharina ba. Safa ta iso. Ƙafata ɗaya tana gode miki fiye da ɗayar.

Wasiƙarki ta yi mako takwas a hanya. Mai dubawa, barka da aiki, ya shafe tsakiyarta da baƙin tawada, tun daga inda kika rubuta "Baba" har ƙarshen sakin layin. Na ɗaga ta a taga, na juya ta, ban ga komai ba. Amma ba na buƙatar karantawa. Na buɗe takardar oplatek ɗin na ƙirga kusurwoyin da aka karya. Uku, Mirka! Na kira Zenek ya ƙirga, shi ma uku ya samu.

Ki ji abin da kusurwar nan ta yi. Sun fara ba mu fasfo na fita ƙasar, mai tafiya ba dawowa. Ka cika fom, su buɗe maka ƙofa, ka tafi inda aka karɓe ka, har abada. Na riga na karɓi fom. Na ce me ya rage mini? Ƙungiya tana kurkuku, aiki ba za su mayar da ni ba, ƙofar gidanmu a rufe. Jiya na mayar musu da abinsu. Wanda ubansa ya karya masa burodi yana da wurin komawa.

Ɗaya shafin na Baba ne, ki ba shi.

Baba, na gaishe ka. Na ga kusurwarka. Na san ba abu mai sauƙi ba ne a gare ka. Ban ce ka zama ni ba, ni ma ba zan zama kai ba. Abin da na faɗa a gaban kabarin Mama bai dace ba, ka yafe mini. Duk ranar da suka sake ni, gida zan zo.

Ɗanka,
Bogdan

Lipniki, 4 ga Afrilu, 1982

Yaya,

Muna lafiya, da fatan kai ma. Kai mai dubawa, don girman Allah kada ka shafe wannan, ba maganar gwamnati ba ce, ta gidanmu ce.

Yaya, kusurwa biyu na aiko. Baba bai karya ba. Abin da aka shafe ke nan. Ina jin wurin buɗe ambulan ta ukun ta karye.

Na rubuta wannan layin na tashi na zaga gida sau biyu kafin na dawo.

Kwana tara na ɓoye wasiƙarka a gwangwanin fulawa. Kaka ta ce in yi shiru. Ta ce, "Wa ya ce ƙarya ce? Allah yana da hannaye da yawa, har a gidan waya." Na so in bi maganarta, domin ina tsoron ka sake karɓar fom ɗin nan. Amma na yi ta ganin ranar da za ka shigo da murna ka rungume Baba, shi kuma ya tsaya kamar itace. Kuma ban taɓa yi maka ƙarya ba sai ta tarin nan.

Rana ta tara Baba yana wanke hannu, bai kalle ni ba ya ce, "Har yanzu ba wasiƙa?" Bai taɓa tambaya ba. Na ɗauko ta duk fulawa na ba shi. Ya karanta a tsaye, sau biyu. Ya ce, "Ban karya ba." Na ce, "Na sani, Baba." Ya ninke shafinsa ya sa a aljihun ƙirji, ya fita wurin shanu, alhali na riga na ba su ciyawa.

Shafin yana aljihun har yau. Da na zo wanke rigar ya cire shi ya mayar cikin wata.

Kada ka tafi. Ban iya jera dalilai kamar ku masu taro ba. Kada ka tafi kawai.

Mirka

(Da hatimi a sama: AN DUBA)
11 ga Yuli, 1982

Mirka,

Ina lafiya. Wasiƙunki uku sun iso, ban amsa ba don ban san me zan ce ba. Ba na fushi da ke, kin yi daidai. Kunya ce ta kama ni. Na zauna na nemi gafarar mutumin da bai miƙo hannu ba, na gode masa kan aikin wani mai almakashi.

Kin ce shafin yana aljihunsa. Wata uku ke nan, gidan waya kuma bai fi taku ɗari biyu daga ofishinsa ba.

Na sake karɓar fom, na cika, saura sa hannu. Kanada ta ce tana son masu walda. Sun ba ni zuwa ƙarshen Agusta. Idan na zauna da gindina zan aiko miki da takalmi. Ki lallaɓa Kaka kafin ki gaya mata.

Bogdan

Lipniki, 13 ga Agusta, 1982

Yaya,

Muna lafiya, ana girbi. Wannan ta hannun Fada za ta zo, ba mai shafe ta. Kada ka sa hannu a komai kafin Lahadi ashirin da biyu ga wata. Karanta ka ji.

Wasiƙarka ta iso ranar Litinin da rana. Na karanta a bakin gidan waya, sai na ga ƙafafuna sun nufi ofishin gonar gwamnati. Suna taron Jam'iyya, Baba da mutum biyunsa da wani baƙo daga gunduma. Ban ƙwanƙwasa ba. Baba ya ce, "Mirka, muna taro." Na ce, "Ni ma taro na zo." Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na buɗe wasiƙar na karanta da ƙarfi tun daga sama har Kanada, muryata kamar ta agwagwa. Da na gama na ce, "Mama tana kabari, Yaya zai tafi Kanada. Idan Kaka ta rasu, da wa za ka karya burodin? Da wannan?" Na nuna baƙon gunduma. Wallahi Yaya na nuna shi da yatsa. Sai na gudu na shiga gonar dankali.

Baba bai yi mini faɗa ba. Washegari da hantsi ya sa kwat ɗinsa na taro, ya ratsa dandali kowa yana kallo, ya ƙwanƙwasa ƙofar tsoho Walenty mai kiɗan coci, wanda ke gasa oplatek. Ina laɓe bayan rijiya.

Walenty ya ce, "Sakatare! Ka yi ɓatan kai ne?"

Baba ya ce, "Oplatek nake so. Guda ɗaya."

"A watan girbi? Ko Kirsimeti ma an cika ta kafin wa'adi, kamar shirin gwamnati na shekara biyar?"

"Walenty, za ka gasa ko in je wani gari?"

"Zan gasa, zan gasa. Shekara talatin uwarka ke zuwa ta ƙofar baya ta karɓa maka. Bari in ɗan more ganinka ta gaba."

Jiya aka kawo. Ni da Kaka mun karya namu. Baba ya yanko katako biyu sirara, ya sa shi tsakani, ya ɗaure da igiya. Kaka ta ce, "Naka fa?" Ya ce, "Ba a nan ba." Ya nemi takardar izinin ziyara, ya sayi tikitin jirgi.

Bai ce in gaya maka ba. Bai ce kada in gaya maka ba. Ka aske gemu.

Mirka

24 ga Agusta, 1982

Ɓerata, ko da yake Zenek ya ce wadda ta tarwatsa taron Jam'iyya ta wuce ɓera, a ba ta kujera a kwamiti,

Ina lafiya. Ta hannun Fada ita ma.

Ya zo. Ya tsufa, Mirka, ba ki gaya mini ba. Ya shigo ɗakin ziyara da kwat ɗinsa a cikin wannan zafi, katako a hammata. Mai gadi ya ce a kwance. Da ya ga abin da ke ciki ya kai hannu zai ɗaga ya duba. Baba ya buga tebur ya ce, "Kada ka taɓa! Sau ɗaya kuka yi mini, ya isa." Da muryar sakatare ya faɗa, har yaron ya ƙame.

Muka zauna. Ya ce na rame. Na ce shi ma. Ya ce hatsi ya yi kyau bana amma babu igiyar ɗauri. Muka yi minti goma a kan igiya. Sannan ya turo katakon tsakiyar tebur.

Ya ce, "Wancan na ma'aikacin gidan waya ne. Ba na son wani ya yi mini aikina."

Da ya karya sai kusan rabi ya biyo shi. Na karya tawa. Kin san sai an yi wa juna fata. Ya saci kallon mai gadi, ya rage murya ya ce, "Allah ya ba ka hankali." Na ce, "Allah ya ba ka ƙungiya." Ya ce, "Har gobe ina ganin ku mahaukata ne." Na ce, "Mu miliyan goma?" Ya ce, "An taɓa yin fiye da haka." Sai ya kama wuyana ya jawo kaina kan kafaɗarsa, kamar ranar da na faɗa kogi ina ƙarami. Na ji takarda tana ƙara a aljihun ƙirjinsa.

Da zai tafi ya ce, "Bajon nan naka, idan ka zo ka sa shi ta cikin riga. Ba don ni ba, don maƙwabta." Na ce zan duba. Ya ce, "Ka duba."

Fom ɗin Kanada takarda ce mai kyau, siririya. Zenek ya samu naɗin taba goma sha shida a ciki.

Ki sayi takalminki da kanki.

Yayanki,
Bogdan

Lipniki, 19 ga Disamba, 1982

Yaya,

Muna lafiya, Kaka har da rawar ƙafa. Fada ya ce za a sake ku kafin jajibiri. Na je gidan waya na tambayi matar lokacin jirgin Alhamis, ta ce ba ta sani ba, na ce to ta duba. Ta duba. Ƙarfe biyu da kwata.

An ce an soke ƙungiyarku tun Oktoba, amma wani ya rubuta sunanta da jan fenti a bangon rumbun gonar gwamnati. Daga gunduma aka ce Baba ya sa a shafe. Shi ya dama farar ƙasar da kansa, ruwa-ruwa. Daga kan hanya ma ana karantawa.

Kifin Kirsimeti yana iyo a bahon wanka, Gajimare tana da ciki. Kaka ta fito da faranti biyar, huɗu namu, ɗaya na baƙo.

Kada ka girgiza ambulan ɗin nan, babu komai a ciki sai takarda. Yana kan tebur, kusurwa huɗu cif. Mu ma ba mu taɓa ba.

Ƙanwarka,
Mirka